Tambayi Mai Magani: Maganin hawan jini zai cinye min ƙashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 58, ina sayar da shinkafa da wake a Aboabo, nan Kumasi. Wata uku ke nan da likita ya ɗora ni kan amlodipine saboda hawan jini. Jikata mai karatun nas ta ce aikinsa tare kalsiyam ne. Ni da gwiwa ke damuna, ba zai ƙarasa min ƙashin ba? Yau kwana biyar ban sha ba. Daga wata Hajiya, Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwana biyar ɗin nan su suka tayar min da hankali. Don Allah ki koma kan maganinki yau, a kuma auna miki jini cikin makon nan.

Jikarki ba ta yi ƙarya ba, rabin zancen ta kawo miki. Kusan kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jikinki yana cikin ƙashi da haƙora, kuma maganin nan ba ruwansa da shi. Da ɗan ragowar yake hulɗa.

A bangon jijiyoyin jini akwai wata tsoka da ba ta jiran umarninmu, irinta ce a hanji da mafitsara da mahaifa. Ki ɗauki kowace ƙwayar tsokar nan a matsayin ɗaki a bakin rafin Aboabo da damina. Kalsiyam da ke waje ya ninka na ciki kusan sau 10,000, kullum yana neman kafar shiga. Da ƙofofin ɗakin sun buɗe sai ya kwararo, ya kama wani furotin mai suna kalmodulin, tsokar ta matse, hanyar jini ta ƙuntata, awo ya hau.

Tsokar ba za ta saki ba sai an kwashe abin da ya shigo. Wannan aikin wasu ƙananan famfuna ne. Ɗaya yana jikin bangon ƙwayar, ana ce masa PMCA, yana jefa kalsiyam waje ɗaya bayan ɗaya, kowace jifa kuma sai ya ƙona makamashin da ake kira ATP. Wani masani ɗan Suwizalan, Schatzmann, ya gano shi a 1966 cikin jajayen ƙwayoyin jini. Na biyu, SERCA, yana tura shi bibbiyu cikin wani rumbu a tsakar ƙwayar, a ajiye don gaba. Abin da ke sa ni tasbihi har yau: kalmodulin ɗin da ya sa tsoka matsewa, shi ne kuma ke zaburar da famfon bango ya ƙara himma.

Amlodipine ba ya taɓa famfunan. Ƙofofin yake sayawa, abin da ke shigowa ya ragu, masu kwasa su rinjaye shi, jijiya ta sake. Shi ya sa wasu ke ganin ɗan kumburi a idon sawu. In kin gani, ki gaya wa likita, kada ki yanke maganin da kanki.

Nono da wagashi da ƙananan kifi, ci abinki. Gishiri da dunƙulen miya za ki rage, har a cikin shito. Gwiwar kuwa, ina roƙonki kada ki riƙa sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis kina sha kullum, suna iya hau da jini, su wahalar da ƙoda. Ranar awo ki tafi da jikar taki, a duba gwiwar a gabanta.