Amsa ga uwar da aka ba 'yarta Maikrobayoloji maimakon likitanci

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya yi wa yarinya albarka. Kin ce ta nemi likitanci, ta ci 241 a JAMB, amma da sunanta ya fito sai aka ba ta Maikrobayoloji, wato ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma ana ta ce miki ta karɓa kawai, in ta gama aji ɗaya za a mayar da ita likitanci. Kina tambaya ta karɓa ne ko ta jira baɗi.

Wannan magana ta "ta shiga, daga baya a canza mata" ita nake so ki yi hattara da ita, domin ta cuci yara da yawa. Jami'a ba ta da ikon ɗaukar ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Najeriya, ce ke yanka wa kowace jami'a adadinta, gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta. Waɗanda aka ɗauka tun farko ma ba duka ke tsallakewa zuwa aji biyu ba, balle wanda zai shigo daga wani sashe. Wasu jami'o'in sukan buɗe ƙofa ga 'yan ƙalilan masu sakamako mai ƙarfi sosai, wasu kuwa sam ba sa yi. Kada ki dogara da "wane ya san wane". Ki sa a samo miki littafin dokokin ɗalibai na jami'ar, ki ga abin da aka rubuta a kan canjin kwas da idonki.

Ɗan yayata haka ya shiga Bayokemistiri da wannan alkawari. Jikinsa na aji, zuciyarsa na wani wuri. Duk sanda aka kira shi a waya sai ya ce karatu lafiya lau. Sai da uwarsa ta je da kanta, ta bi layi a ƙofar ofishin kodinetan ajinsu, malamin ya jawo takardar sakamako ya aza mata a kan tebur, ya bi da biro yana nuna mata kwasa-kwasan da ya faɗi tun zangon farko. Canjin bai samu ba, kuma sakamakon aji ɗaya ya bi shi har ya gama, domin CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi na duk zangunan da ya yi, tarawa ake yi, ba a share na baya. A ma'aunin 5.00, sai da 4.50 ake samun daraja ta ɗaya, 3.50 kuma ta biyu babba. Wanda ya fara da ƙasa da 2 zai sha wahala kafin ya hauro.

Sannan akwai abin da ba a cika gaya wa iyaye ba. Maikrobayoloji kwas ne mai kyau na shekara huɗu, masu shi suna aiki a kamfanonin abinci da magani da ruwan sha, da hukumomi irin NAFDAC, da bincike da koyarwa. Amma ba ya ba mutum lasisin aikin gwaje-gwaje a asibiti. Wannan na waɗanda suka karanta kimiyyar ɗakin gwaje-gwajen asibiti ne, shekara biyar, ƙarƙashin MLSCN, hukumar da ke ba su lasisi. In burin yarinya asibiti ne, to aikin jinya da haɗa magunguna da ɗaukar hoton cikin jiki da gashin ƙashi duk sun fi kusa da abin da take so, kowanne da lasisinsa. Ku bincika ko akwai sauran gurbi a ɗayansu kafin ta danna karɓa a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, domin da zarar ta karɓa, zancen wani gurbi a wannan shekarar ya ƙare.

Ni dai a ganina, zaman gida shekara guda ba tare da wani tsari ba ya fi komai illa. In tana iya son kwas ɗin, ta karɓa ta riƙe shi da gaske, ta kuma sake rubuta JAMB tana aji ɗaya, yara da yawa suna yin haka. In ta dace ta koma ta faro likitancin, in ba ta dace ba ba ta yi asarar shekara ba. Akwai kuma IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, wadda ake shiga aji biyu da ita kai tsaye, sai dai likitanci ta nan ma maki mai yawa yake nema.

Kafin duk wannan, ki zauna da ita ku biyu, ba a gaban babanta ko 'yan uwa ba. Yaran da muke kira "Dakta" tun suna firamare sukan ji nauyin cewa ba sa so. Ki gaya mata gaskiya: shekara shida ce, akwai aiki da gawa a darasin sanin sassan jiki, akwai kwanan asibiti, sannan shekara guda ta horon sabon likita kafin bautar ƙasa. Ki saurari abin da za ta ce, kada ki katse ta.

In ta shiga, ki karɓi lambar kodinetan ajinsu tun makon rajista, kuma duk ƙarshen zango ta buɗe miki shafinta ki ga sakamakon da kanki. Ku kuma duba wa'adin karɓar gurbin a CAPS cikin makon nan, kada ya wuce kuna shawara. Allah Ya zaɓa mata mafi alheri.