Zafin inji na cinye min fentin bonet

Tambaya: Malam, ina da ƙaramar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Shimfiɗar da ke ƙarƙashin bonet ta zagwanye, fentin sama har ya fara dusashewa. Makanikena ya ce in liƙa soson katifa. Ya dace? Daga mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka yarda. Soson katifa yana shan mai, kuma in ya ji zafi sosai zai iya kamawa da wuta. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, ga na inji a ƙasa.

Je ka kasuwar Ƙofar Ruwa ka nemi shimfiɗar irin motarka ko ta Beljiyam ce. In babu, sayi mai zaren gilashi da fuskar alminiyam. Kafin ka ɗora, a cire bonet ɗin, a wanke maiƙo, a kankare tsatsa da samfefa, sannan a fesa fenti mai jure zafi ya bushe sarai. Nan mutane ke gaggawa, tsatsa ta ci gaba da ci a ɓoye.

Fuskar alminiyam ta kalli inji. Riƙe ta da maɓallan roba, gam kaɗai yakan saki. Kada ta toshe ramukan iska, kada kuma ta taɓa kan batir.