Ɗan agwagwata ya ƙi cin abinci, ya ƙi girma: me zan yi?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wata mai karatu da ke unguwar Bukoki a birnin Yamai, ga kuma abin da ta rubuto:

"Assalamu alaikum Malam. Agwagwata ta ƙyanƙyashe 'ya'ya tara a farkon sanyin nan, yanzu sun kai mako uku. Takwas suna ta girma, amma ɗaya ya tsaya cak, bai kai rabin 'yan'uwansa ba. Idan na zuba musu dusa da guntun tuwo, sai ya caccaka sau biyu ko uku ya koma gefe ya kwanta, idan kuma ya tashi tafiya ƙafafunsa suna rawa. Ba ya zawo. A faranti nake ba su ruwa don ina tsoron kada su nutse. Maƙwabciyata ta ce in fasa kafso in zuba masa a ruwa. Shin in yi hakan?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kiwon albarka. Kafson nan dai a ajiye shi tukuna. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ni kuwa a cikin bayaninki ban ga abin da ke nuna ƙwayar cuta ce ta kama ɗan tsakon ba, domin ba ya zawo, 'yan'uwansa lafiya lau suke, ga shi kuma ya kai mako uku yana numfashi. Cututtukan da suka fi yi wa ƙananan agwagi ɓarna, irin su ciwon hanta mai yaɗuwa, ba sa jan lokaci haka, kuma ba guda ɗaya suke ɗauka su bar takwas ba. Abin da na fi zargi shi ne farantin ruwan nan, da irin abincin da yake samu, da kuma sanyin asuba, waɗanda sukan taru a kan wanda ya fi rauni a cikin ƙyanƙyasa.

Bari in fara da farantin, tunda shi ya fi sauƙin gyara. Yawancinmu da kaji muka saba, shi ya sa muke kiwon ɗan agwagwa kamar ɗan tsakon kaza, alhali kuwa cin abincinsu ba ɗaya ba ne. Ki tsaya ki kalli uwar tana ci, za ki ga ta cika baki da dusa, ta ruga wurin ruwa ta tsoma bakin tana karkaɗa shi, sannan ta dawo ta sake ɗiba. Da ruwa take haɗiye abinci, da shi kuma take wanke ƙofofin hancinta da ke saman baki kusa da ido. Ɗan da bai sami ruwan da zai nutsa bakinsa har ya rufe hanci ba, busasshiyar dusa takan manne masa a maƙogwaro ta toshe masa hanci, sai ya ɗanɗana kaɗan ya haƙura. Tsoronki na nutsewa yana kan hanya, domin ɗan agwagwa mai rauni yakan jiƙe sharkaf ya kasa fita daga ruwa, sanyi ya kama shi. Dabarar ita ce ki sami tsohuwar jarka mai tsabta ki huda gefenta daidai yadda kai zai shiga amma jiki ba zai bi ba, ko ki zuba duwatsu a cikin kwano mai ɗan zurfi ta yadda zai tsoma baki a tsakaninsu ba tare da ya shiga ciki ba. A ajiye ruwan dab da abincin, a riƙa canza shi safe da rana da yamma.

Sai maganar abinci, a nan ne kuma zan fi daɗewa. Dusa da guntun tuwo suna cika ciki, amma ba su isa su gina jikin halittar da ke ninka nauyinta sau da yawa cikin wata guda ba. Masana kiwo sun ƙayyade cewa ɗan agwagwa yana buƙatar abincin da sinadarin gina jiki, wato furotin, ya kai kashi 20 zuwa 22 cikin 100 a makonni biyu na farko, daga nan a sauko zuwa kashi 16 zuwa 18, alhali gero da dawa da masara ba su cika wuce kashi 9 zuwa 12 ba. Takwas ɗin da kike ganin suna girma suna cike giɓin ne da ƙwari da tsutsotsi da ciyawar da suke tsinta a bayan uwarsu, shi kuwa wanda ƙafa ba ta ɗaukarsa kullum a baya ake barinsa, sai ramar ta ƙara masa rauni, raunin ya ƙara hana shi kiwo. Idan kina da hali, ki sayi abincin 'yan tsaki na kamfani, amma ki tabbata na 'yan tsaki aka ba ki, domin na kaji masu ƙwai an cika shi da sinadarin kalsiyam saboda ɓawon ƙwai, yana kuma lalata ƙodar ƙaramin tsuntsu. Idan babu hali, to abin da ke cikin gida ma zai yi: tsakin gero mai laushi, dafaffen ƙwai da aka murmushe, garin busasshen kifi marar gishiri, da ɗanyen ganyen zogale ko salati da aka yanka ƙanana-ƙanana. Gara ma, wadda iyayenmu ke haƙo wa 'yan zabi, abinci ce mai kyau a gare shi. A yayyafa ruwa a cuɗa har ya yi danshi ba tare da ya zama kunu ba, a ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, abin da ya rage kuma a kwashe kafin ya yi tsami. A bar masa ɗan yashi mai tsabta a kusa, da shi ƙundunsa ke niƙa abinci.

Rawar ƙafar da kika ambata ita ta fi jan hankalina. Akwai wani bitamin da ake kira niyasin ko B3, wanda agwagwa ke buƙata fiye da kaza nesa ba kusa ba, kuma ƙarancinsa yakan fara bayyana ne a ƙafa: ɗan agwagwa ya riƙa yawan zama, gwiwa ta kumbura, ƙafafu su soma bauɗewa kamar na mai gwame, girma ya tsaya. Masara tana da wannan bitamin, sai dai a ɗaure yake a cikinta ta yadda jiki ba ya iya amfana da mafi yawansa, don haka tsuntsun da aka dogara masa da dusar masara yana cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Ki je wurin masu sayar da magungunan dabbobi ki nemi garin bitamin na kaji da ake zubawa a ruwa, ki sa a karanta miki jikin takardar a tabbatar akwai B3 a ciki, ki bi awon da aka rubuta. Idan an fara da wuri, ƙafa takan yi ƙarfi cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu, amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ya ƙafe ba ya komawa daidai, shi ya sa ba na son ki jinkirta.

Kifi da gyaɗa suna da wannan bitamin sosai, na kuma san da an ce gyaɗa hankalin mai kiwo zai tafi ga tunkuza da ƙuli-ƙuli. A nan sai a yi hattara ƙwarai. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda ke cin hanta, kuma a cikin duk tsuntsayen gida 'ya'yan agwagwa na sahun gaba wajen kasa jure mata. An gano wannan guba ne bayan abin da ya faru a Ingila a shekarar 1960, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu saboda tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. Alamar farko ta ƙaramar guba ita ce dai wannan da kike gani, ƙin abinci da tsayawar girma, kuma dafawa ko shanyawa ba ta kashe ta. Saboda haka ki buɗe buhun dusarki ki tura hannu har ƙasa, ki ɗebo ki sansana. Idan kin ji warin rima, ko kin ga ta dunƙule ta yi kore-kore, to a zubar da ita inda tsuntsu ba zai kai ba. Na taɓa shiga wani gida a Tawa inda 'ya'yan agwagwa ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, an sayi magani kala-kala ba a dace ba, ashe buhun dusar a jingine yake da randa, gindinsa ya jiƙe ya yi baƙi ƙirin, saman kuwa fari tas. Ƙuli-ƙulin kasuwa ban ba da shawararsa ba saboda gishirin da ke ciki. Idan za a ba da tunkuza, ta zama sabuwa daga gyaɗa mai kyau, kaɗan kuma a cikin haɗi.

Game da sanyi, ɗan agwagwa yana son ɗumin da ya kai maki 32 na ma'aunin zafi na Salshiyas a makon farko, a riƙa ragewa da kusan maki 3 kowane mako, ga shi kuwa a watannin Disamba da Janairu asubar Yamai takan sauko kusan maki 15. Idan uwa ta rufe 'ya'ya tara da suka fara girma, masu ƙarfi ne ke shigewa tsakiya, mai rauni ya kwana a bakin fiffike, abincin da ya kamata ya zama tsoka ya ƙare wajen ɗumama jiki. Ki riƙa ɗauke shi da magariba ki sa shi a kwali a cikin ɗaki, a shimfiɗa masa busasshen ɓuntun shinkafa ko tsohon tsumma, a ajiye kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da zane a gefe guda. Kada a sa garwashi kusa da shi. Ki haɗa shi da ɗan'uwansa guda, wanda ya fi sanyin hali, domin ɗan agwagwa idan ya ga kansa shi kaɗai kuka yake yi ya ƙi ci, ganin wani yana ci kuwa yana jawo shi. Da wannan ɗan'uwan za ki riƙa ba shi abinci a keɓe, nesa da turereniyar sauran.

Ido yana yaudara wajen gane girma, don haka ki roƙi mai shagon unguwa ya ɗora miki shi a sikeli duk bayan kwana uku, ki rubuta. Wani abu kuma da zai kwantar miki da hankali nan gaba shi ne, agwagin da muka fi kiwo a gidajenmu, masu jan fata a fuska da ke kwanci kwana 35, toronsu yakan kusa ninka mace a nauyi, bambancin kuma tun suna 'yan makonni yake soma fitowa. Idan ƙafa ta warware, ci ya dawo, amma har yanzu bai kamo manyan ba, mai yiwuwa mace ce kawai.

Idan mako guda ya wuce da wannan kulawa nauyi bai motsa ba, ki kai shi wurin likitan dabbobi tare da sabon kashinsa a leda, a duba ko tsutsar ciki ce, shi ne kuma zai faɗi maganin da ya dace da awonsa. Akwai alamun da ba a jira musu mako: zawo kore ko mai jini, majina a hanci da ido, numfashi da baki buɗe, wuya ya murɗe ko ya saki ya kasa ɗaukar kai, ko kuma tsuntsaye biyu ko uku su mutu a jere. Sakin wuya yakan biyo bayan shan ruwan kwata ko cin tsutsar mushe, don haka a tsare su daga lambatun ƙofar gida. Mutuwa a jere kuwa sai a sanar da ma'aikatan kiwo nan take, domin murar tsuntsaye da aka tabbatar a nan Nijar a watan Fabrairun 2006 a jikin agwagin gida aka fara gano ta a Magarya, kuma ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a nan Yamai yake. A irin wannan hali ba a yanka marar lafiya a ci, ba a kai sauran kasuwa, yara kuma a hana su ɗaukar tsuntsayen, wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu.