Manhajata ta daina karanta IMEI a sabbin wayoyi, ina mafita?

Ɗan'uwa, na gane matsalarka: kod ɗinka yana ɗauko IMEI, wato lambar shaida ta musamman da kowace waya take zuwa da ita, lafiya lau a tsohuwar waya, amma da ka gwada a sabuwar Tecno sai manhajar ta mutu ta jefo maka SecurityException, saƙon kuskuren da ke nuna ba ta da izini. Ba kuskurenka ba ne. Tun daga Android 10 Google ta rufe wannan ƙofar, ko ka sa READ_PHONE_STATE, izinin karanta bayanan waya, mai wayar kuma ya danna ya yarda, getImei, umarnin da ke ɗauko lambar, ba zai ba ka komai ba, domin izinin da ake buƙata yanzu na manhajojin da suka zo cikin wayar ne da na kamfanonin layi. Ni ma na kwana biyu a kai lokacin da nake haɗa wa wani shago manhajar rajista, ina ta canja kod ashe ba nan gizo yake saƙa ba.

In dai so kake ka gane wayar da ta taɓa amfani da manhajarka in ta dawo, yi amfani da ANDROID_ID, lambar shaidar da Android ke ba manhajarka a kan wayar, ko ka ƙirƙiri UUID, wata doguwar lamba da ba ta maimaituwa, ranar da aka fara buɗe manhajar ka ajiye a saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan manhajarka a intanet. Amma ka sani ANDROID_ID yana canjawa in an yi wa waya rizet gaba ɗaya.

Don Allah kar ka tsaya a emuleta, wayar gwaji ta cikin kwamfuta, kawai, ari wayoyi biyu ko uku na hannu ka gwada. Kuma kar ka ce wa mutane su yi rutin wayarsu, wato su cire makullan tsaron Android, saboda manhajarka, haɗarin ya yi yawa.

In wayoyin na ma'aikatan kamfani ne, nemi wanda ya san Android Enterprise, tsarin Google na kula da wayoyin kamfani, ta can akwai halastacciyar hanyar samun IMEI.