Wane irin keji zan saya wa ɗan kwikwiyona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ɗan kwikwiyo German Shepherd mai mako 10 don gadin gida. Ya addabe mu da fitsari da kashi a tsakar gida, har uwargida ta ce ko a san abin yi ko a mayar da shi. Mai walda ya ce in bari ya ƙera mini babban keji tun yanzu, kada in kashe kuɗi sau biyu. In yarda? Daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yarda, amma da sharaɗi. Irin wannan kare idan ya girma yana buƙatar keji mai tsawon santimita 107 zuwa 122, don haka a ƙera babban. Sai dai ka sa a yi masa shinge a ciki wanda za ka riƙa matsarwa yana girma. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, wannan ɗabi'a ce ke sa keji ya yi aiki. Idan wurin ya yi masa yawa, sai ya kwanta a wannan kusurwa ya yi bayan gida a waccan, ka ga an koma gidan jiya. Ka bar masa daidai inda zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa.

Kada a yi ƙasan da raga, tana ji wa tafin ƙafarsa ciwo. Katako mai santsi da za a iya zarowa a wanke ya fi. Sannan don Allah a ajiye kejin a inuwa mai iska, da ruwan sha. Kare da haki yake rage zafin jiki, kejin ƙarfe a rana cikin watan Afrilu kuwa yana iya kashe shi.

Keji kaɗai ba zai raba ku da ƙazantar ba. Kwikwiyo mai wata biyu da rabi ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu zuwa uku. Ka ware masa lungu ɗaya mai ƙasa, nesa da madafa da inda ake salla. Da ya farka, da ya gama cin abinci, da ya gama wasa, a kai shi can a tsaya har ya yi. Yana gamawa a yaba masa, a ba shi ɗan guntun nama nan take, ba sai an dawo ba. Da dare ma sai wani ya tashi ya fitar da shi a makonnin farko. Abinci sau uku a rana, a lokaci tsayayye, domin ka san lokacin da zai nemi fita.

Duka da goga masa hanci a ƙazantar ba sa koya masa komai sai tsoronka, daga nan ya fara ɓuya yana yi. Kada kuma keji ya zama wurin hukunci. A riƙa ba shi abinci a ciki, ƙofa a buɗe, har ya saba shiga da kansa. Ka roƙi uwargida ta ƙara haƙuri, yawanci abin kan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya zauna sosai.

Tambaya: Na wanke inda kwikwiyona ya yi fitsari, amma kullum nan yake komawa. Me zan saya? Daga wata Hajiya a Abuja.

Amsa: Hajiya, ke kin daina jin warin, shi bai daina ba. Ki guji duk abin wanki mai sinadarin amoniya, domin warinsa na kama da na fitsari. Ki nemi maganin wanke fitsarin dabbobi a shagon kayansu. In babu, ki wanke da sabulu ki bi da ruwan khal da aka sirka da ruwa. Idan kuma yana tsugunawa akai-akai fitsarin na fitowa kaɗan-kaɗan, ko yana zawo, ki kai shi wurin likitan dabbobi. A can ki tambayi maganin tsutsar ciki da allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi daga wata uku.