Na san ma'anar kalmomin Turanci, me ya sa har yanzu nake rikita su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida na sakandare, ina shirin WAEC da JAMB. Kullum nakan kwafi sababbin kalmomi daga ƙamus in rubuta ma'anarsu da Hausa a gefe, har littafina ya cika. Amma in na yi rubutu sai malaminmu ya ja jan biro a ƙarƙashin kalmomin da na san ma'anarsu sarai. Kwanan nan ya soke mini "borrow me your book". Ga kuma idioms ba sa zama mini a ka. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. Ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau, yadda kike ajiye kalmomin ne ke cutarki. Kalma da fassararta guda a gefe rabin sani ne. Ragowar shi ne sanin kalmomin da take tafiya da su da gurbin da take zama a jimla, kuma wannan ne mai duba takarda yake ba maki a kai.

Mu fara da jimlar da aka soke miki, domin tushenta a Hausa yake. Mu saiwa ɗaya muke amfani da ita ga mai karɓa da mai bayarwa: na ari littafi, ara mini littafi. Abin da Hausa ta fi kula da shi shi ne me za a mayar. In abin ne da kansa zai dawo, aro ne. In kwatankwacinsa ne, kamar kuɗi ko hatsi, rance ne. Turanci ba ruwansa da wannan, inda abin ya dosa yake dubawa. Mai karɓa shi ke borrow, kuma from ke biye da ita: "I borrowed a book from Amina." Mai bayarwa shi ke lend: "Amina lent me a book." Don haka ko dai ki ce "lend me your book" ko "may I borrow your book?" Ki lura kuma lent ake cewa ga abin da ya wuce, babu lended.

Duk inda kalmar Hausa ɗaya ta rabu gida da yawa a Turanci, nan kuskure ke ɓuya. Dubi "ji". Jin sauti hear ne, jin sanyi feel, jin wari smell, jin ɗanɗano taste, jin yare kuwa understand ko speak. Wanda ya haddace cewa ji shi ne hear, ranar da ya shiga kicin zai rubuta "I hear the smell of gas". Haka "sha": ruwa drink, magani take, sigari smoke, mangwaro eat. Say da tell ma haka. Tell tana son mutum a bayanta kai tsaye, "tell me", say kuwa sai da to, "he said to me". Wasu kuma ba su da wani dalili illa haka masu harshen suka saba haɗa su: tell a lie, tell the truth, make a mistake, do your homework. Irin waɗannan a dunƙule ake haddace su.

Akwai rikicin da daga baki yake farawa ya gangaro alƙalami. Yadda yawancinmu ke furta f da leɓɓa ya sa pull da full, pan da fan, copy da coffee suke fitowa iri ɗaya. Don f, ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ki hura. Don p, rufe leɓɓa ruf sannan ki sake su da ƙarfi. In kin riƙe 'yar takarda a gaban bakinki za ki ga ta motsa. Live da leave, sit da seat su ma ki yi ta maimaita su bibbiyu da babbar murya, domin irinsu ne ke fitowa a Test of Orals na WAEC, wato takardar gwajin furuci. Lose ita ce rasawa, loose kuwa abin da ya yi sako-sako. Advice suna ce, advise aikatau, haka practice da practise a rubutun Ingila wanda makarantunmu suka fi bi. Stationery mai e kayan rubutu ne, ki tuna e ɗin envelope. Stationary mai a abin da ke tsaye cik.

Game da ƙamus, na Turanci zuwa Hausa yana da amfani a farko, amma a matakinki ki koma ga wanda aka yi wa masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary. Kada ki tsaya a ma'ana. Karanta jimlolin misali, sannan ki duba ɗan harafin da ke gaban suna: C na nufin ana ƙirga shi, U ba a ƙirgawa. Advice, information, equipment, furniture da luggage duk U ne, ba sa ɗaukar s. Mu muna cewa shawarwari da bayanai, shi ya sa hannu ke zamewa ya rubuta advices da informations. In guda kike nufi, "a piece of advice" za ki ce.

Idiom kuwa ma'anarsa ba ta cikin kalmominsa ɗaiɗai, kamar yadda baƙon da ya san "ci" ya san "fuska" ba zai gane cin fuska ba sai an faɗa masa. Kuma idiom ba a canza masa ko kalma guda. Abin da aka saba ji a Najeriya shi ne "more grease to your elbow", amma a Turancin Ingila "more power to your elbow" ne. Beat about the bush kewaye-kewaye ne a zance, once in a blue moon abin da ba a cika yi ba, a white elephant abin da ya lashe kuɗi bai tsinana komai ba. A ganina ɗalibai suna ɓata lokaci a kan masu ƙawa irin waɗannan, suna barin waɗanda suka fi yawa a jarrabawa da rubutun yau da kullum, wato aikatau mai ɗan wutsiya. Put off ɗagewa ne, call off sokewa gaba ɗaya. Look after kulawa, look into bincikawa. Round off kammala taro ko jawabi, round up kuwa tattaro mutane ko dabbobi wuri guda, irin kamen 'yan sanda. Mai gabatarwa da ya ce zai round up the programme ya kauce.

Yanzu ga yadda za ki sake tsarin littafin naki. Kalma biyar a rana ta isa, kuma ki tsamo su daga abin da kike karantawa, jarida ko littafin adabi ko tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ba daga shafin ƙamus a jere ba. Yanka kwali ƙanana. A fuska ɗaya rubuta jimlar da kika tsinci kalmar a ciki, ki bar gurbinta fanko. A baya rubuta kalmar, da ajinta (suna ce ko aikatau), da abokan tafiyarta biyu ko uku, da jimla guda taki ta kanki a kan wani abu na gidanku. Ki gwada kanki washegari, sai bayan kwana 3, sai 7, sai 14, sai wata guda. Wadda kika faɗi ta koma farko. Mahaddata sun san hadda ba ta zama sai da tilawa, kalma ma haka take. Ki tabbata kin yi ƙoƙarin tunowa kafin ki juya kwalin, domin kallon amsa kawai yana sa mutum ya ɗauka ya iya alhali bai iya ba.

Kada kuma ki raina ƙananan kalmomi. Kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun Turanci na yau da kullum, kuma get, take, set da run kowace tana da ma'anoni rututu. Gara ki mallaki waɗannan da ki cusa wata ƙatuwar kalma a inda ba gurbinta ba.

A tambayoyin JAMB na nearest in meaning da opposite in meaning, ɗauki kowane zaɓi ki saka shi a cikin jimlar ki karanta, domin ma'anar da kalmar ta ɗauka a wannan jimlar ake nema. Ki yi hattara da "in-" a farkon kalmar Turanci da "-less" a ƙarshenta, ba kullum suke korewa ba. Invaluable da priceless duk suna nufin abu mai darajar da ta wuce a yi mata kuɗi, kishiyarsu worthless ce. Inflammable kuma daidai take da flammable, abin da ke saurin kama wuta, shi ya sa kike ganin "highly inflammable" a jikin tankar mai.