Tambayi Injiniya: Jan maɓalli da ramukan STO

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni mai aikin wuta ne a wani kamfanin roba nan Sharada, Kano. Oga ya sayo sabuwar inbata irin wadda ke rage wa moto gudu ko ƙara masa, muka ɗaura ta a injin markaɗa roba. Jan maɓallin gaggawa na haɗa shi a inda ake haɗa makunnin tsayarwa na kullum, kuma in an danna injin na tsayawa lafiya lau. Sai na ga wasu ramuka biyu an rubuta STO, an haɗe su da 'yar guntuwar waya tun daga kwali. Abokin aikina ya ce in na mayar da maɓallin can shikenan, ko hannu zan iya zurawa a injin, har waya ma zan iya kwancewa ba sai an kashe babban layi ba. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka rabin gaskiya ya faɗa maka, ɗaya rabin kuma wallahi in ka bi shi sai dai mu ji labari.

Mu fara da haɗin da ka yi. Wancan ramin na tsayarwa roƙo kawai yake kai wa ƙwaƙwalwar inbata, ita ce za ta ga dama ta amsa. Ranar da wani ya zo ya taɓa setin ya mayar da ita tana karɓar umarni daga madannan fuskarta, ko ƙwaƙwalwar ta rikice, to fa kana iya danna jan maɓallin har yatsa ya gaji injin na ta aikinsa. Shi STO, wato Safe Torque Off, tsarin tsaron da ke yanke wa moto ƙarfin juyi, ba ya roƙo. Siginar da ke kunna tiransistocin da ke ba moto ƙarfin juyi yake datsewa kai tsaye, ko ƙwaƙwalwar ta so ko ta ƙi. Shi ya sa ka ga ramuka biyu, hanya biyu ce, in ɗaya ta lalace ɗaya za ta yi aikin, kuma inbatar za ta nuna maka matsala in ta ga bakinsu bai zo ɗaya ba. 'Yar wayar nan kuwa kamfani ya sa ta ne don inbatar ta tashi ko ba a haɗa komai ba, muddin tana nan ba ka da STO sam. Cire ta, ka samo maɓalli mai baki biyu waɗanda ke rufe sai an danna su buɗe, in da hali ka bi da su ta rilen tsaro, wato 'yar na'urar da ke sa ido kan layin maɓallin, yawanci bolt 24 ne layin.

Wannan tsarin na STO yana cikin ƙa'idar IEC 61800-5-2 da ta fito a 2007 aka sabunta ta a 2016. Kuma a nan ne maganar abokinka ta fara karkacewa, domin STO ba burki ba ne. Kamar ka sa mota a firi ne, inji ya daina tura ta amma tana nan tana gangarawa. A ƙa'idar IEC 60204-1 wannan shi ne tsayarwa mataki na 0. Injin markaɗa kuwa ka fi ni sani, ƙarfen da wuƙaƙen ke jiki nauyi gare shi, bayan ƙara ta ragu yana nan yana juyi shiru-shiru, kuma daidai lokacin ne yaro zai ɗaga murfi ya ce bari ya zaro ledar da ta maƙale. Irin naku tsarin tsayarwa na SS1 (Safe Stop 1) ya fi dacewa da shi, mataki na 1 kenan, inbatar ta fara taka wa moto burki har gudu ya faɗi sannan STO ya shiga. Murfin ma a sa masa makullin da ba zai buɗe ba sai ƙarfen ya tsaya cak. Akwai SS2 da ke barin wuta a moto ya riƙe wuri ɗaya kar ya motsa, wannan ba naku ba ne. Masu injin ɗaga kaya dai su sani, STO kaɗai ba burkin ƙarfe kayan ƙasa za su yo.

Maganar kwance waya kuwa, kul! STO bai cire wuta daga inbata ba ko kaɗan. Layinku na bolt 415 in ya shiga ciki ana mayar da shi DC sama da bolt 550 a tara a kafasita, kuma ko babban layin ka kashe wutar ba ta zubewa nan take, duba jikin inbatar za ka ga an rubuta a jira minti 5 ko 10, wasu har 15. Kashe babban makunni, sa masa kwaɗo, mukullin a aljihunka ba a hannun maigadi ba, jira lokacin ya cika, sannan ka auna da mita kafin ka kai sukundireba.

Shi kansa maɓallin, ƙa'idar ISO 13850 ta ce ja ne a kan ruwan ɗorawa, in an danna ya maƙale, kuma sakinsa kaɗai bai kamata ya tada inji ba sai an sake kunnawa da gangan. Nan ka duba setin da ke sa inbata ta tashi da kanta, mu da NEPA ke ɗaukewa ta dawo ba sallama, a kashe shi a injin markaɗa.

Za ka ga an rubuta SIL 3 ko PL e, wato matakan ingancin tsaro, a littafin inbatar, kar ya ruɗe ka. PL daga a zuwa e yake a ISO 13849-1, e ne ƙololuwa, amma lissafin na duk layin ne tun daga maɓalli har inbata, in ka sa maɓallin arha mai baki ɗaya darajar ta sauka. Bayan ka gama haɗi ka gwada, injin na gudu ba kaya a ciki ka danna ka ƙirga daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya tsaya, ka kashe ka cire wayar rami ɗaya ka tabbatar inbatar ta ƙi tashi, haka ɗaya ramin. Rubuta a littafi da kwanan wata ka kai wa oga tare da kuɗin rilen.